Rabilu Musa Ibro: Gandiroban da ya zama ɗan kaman zamani

A ƙarshen shekarun 1990, lokacin ina ɗan sakandare, babu abin da ke tara mutanen ƙauyenmu da ke gefen Kura bayan sallar isha'i kamar kaset ɗin Ibro. Idan mai karatu ya san yankin, ya san cewa tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka janyo ruwa ta Kadawa zuwa Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin hutu a wurinmu. Ana gama girbin shinkafa a shiga alkama da tumatir da albasa. Mutum ya wuni cikin fadama yana ban-ruwa, ko ya kwana a Kwanar Gafan yana jiran dillalin da zai taya kwandunansa, sannan da dare ya biya 'yan kuɗinsa ya shiga gidan kallo, inda ƙarar janareto ke gasa da muryar talbijin. Samari kan nemi fim ɗin soyayya mai rawa da waƙa. Magidanta kuwa, waɗanda ko kusa ba su yarda a ce suna kallon fim ba, da zarar an ce jar hular nan ce za a saka, sai ka ga sun raɓo bakin ƙofa suna gyaran murya.

An haifi Rabilu Musa a shekarar 1971 a Ɗanlasan, cikin ƙaramar hukumar Warawa ta yanzu. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce kwalejin horon malamai ta Wudil, amma bai zauna a aji ba; aikin gidan yari ya kama a 1991, ya yi shekaru yana gandiroba. Daga wasannin daɓe irin na ƙungiyoyin matasa ya faro, a daidai lokacin da fim ɗin bidiyo na Hausa ke rarrafe, domin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, wanda ake ɗauka shi ne na farko, a 1990 ya fito. 'Yar Mai Ganye na cikin finafinan da suka fara fito da sunansa. Kafin a ankara ya ajiye kaki, sunan Ibro kuma ya zama tambarin kasuwa: a liƙa shi a gaban kowace kalma, 'yan Ƙofar Wambai su saya.

Ba shi ya fara ba Hausawa dariya a allo ba. Kafinsa akwai Samanja Mazan Fama da Kasimu Yero na Karambana a Kaduna, akwai Karkuzu a Jos, akwai su Hankaka da Ɗanwanzan a Kano. To amma waɗannan 'ya'yan gidajen talbijin na gwamnati ne, akwai mai duba abin da za su faɗa, kuma galibi akwai saƙon da ake son su isar. Ibro kasuwa ce ta haife shi, ita ta yi renonsa. Sai daga baya talbijin ta bi sawunsa, tashoshin jiha da na tauraron ɗan Adam suka riƙa cika lokutansu da finafinansa. Bai kuma taɓa rabuwa da dandali ba. Duk sallah yana wajen gala a gidajen silima da filayen wasa, a gida da maƙwabtan ƙasashe, inda babu mai cewa a yanke a sake ɗauka. A can ne ake gane ɗan wasan gaske, domin taron Bahaushe ba ya dariyar kara.

A ganina, wanda ke son fahimtar mutumin nan ya bar Indiya da Amurka ya koma kasuwar ƙauye. Ibro ɗan kama ne. Aikin 'yan kama tun asali shi ne su ɗauki abu mai nauyi, waƙar fada ko salon mai wa'azi, su juye shi ya koma zancen tuwo da miya. Haka shi ma ya yi da duk abin da zamani ya kawo. Da kiɗan Awilo Longomba ya cika gari, sai ga Ibro Awilo. Da duniya ta rikice bayan harin Satumbar 2001, har ana sanya wa jarirai sunan Usama a Kano, sai ga Ibro Usama, daga baya kuma Ibro Saddam. Wasu sun ga raini a ciki, kuma ban ce ba su da hujja ko kaɗan ba, amma wane ne kuma a wancan lokaci ya isa ya sa talaka ya yi dariya a kan abin da kowa ke tsoron furtawa? Hatta waƙoƙin finafinansa, waɗanda da yawansu Sadi Sidi Sharifai ne ya rera da irin muryarsa, a kan wannan turba suke.

Inda ya fi burge ni, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne kunnensa. Masu kwaikwayon Hausar baƙi suna da yawa, amma mafi yawansu murɗe baki kawai suke yi. Shi ya san inda kowane baƙo ke tuntuɓe. Ya san wanda ƙ da ɗ da ɓ ke gagara har ƙasa ta koma kasa, ya san wanda ke ce wa mace ya zo, namiji ta tafi, ya san wanda ke gajarta dogon wasali ko ya bugi karin sauti ta inda ba nan ba har ma'ana ta kife. Waɗannan abubuwa ne da muke kwashe zango guda muna koya wa ɗalibai da alli da allo, shi kuwa a numfashi ɗaya yake jera su, kuma bai cika gauraya kuskuren wannan da na wancan ba. Gaskiya ne wani lokaci yakan zarce wasan taubasantaka ya faɗa muzantawa, kuma na san abokan karatu waɗanda ba Hausawa ba da abin ya sosa wa rai. Wannan aibi ne, ba na ɓoye shi.

Baƙauyen da ya fi yawan fitowa a matsayinsa kuwa, 'yan birni sun ɗauka da shi ake dariya. Mu da muka kalla a tsakiyar manoma mun ga wani abu daban. Mutumin da ɗan sanda ya tsare, dillali ya cuce shi, alƙali ya yi masa Turanci, amma ya bi ta ƙarƙashin ƙafarsu da wautar ƙarya ya fita, wannan ai shi ne mai kwandon tumatir da ke zaune kusa da ni. Hausarsa ma tamu ce, ta ƙauyukan Kano, ba wadda aka goge a gidan rediyo ba.

Sai kuma 2008. Bayan abin kunyar bidiyon wayar nan na 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kan Hukumar Tace Finafinai, aka kuma shiga kame. An ɗaure Adam A. Zango a kan Bahaushiya, daga baya aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a kan Tsintsiya. A Oktoban 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro ɗaurin wata biyu, bisa zargin gudanar da kamfani ba rajista da kuma rawar da ke cikin Ibro Aloko. Mutane da yawa a lokacin sun yi imanin cewa shaguɓen da ke cikin waƙar fim ɗin ne ainihin laifin. Ko ma mene ne, tsohon gandiroba ya koma gidan da ya taɓa tsaro, wannan karon ta ɗaya ƙofar. Sarakunanmu na da, da duk ƙarfin ikonsu, sun ajiye wawan sarki a fada suna jin abin da bafade ba zai iya faɗa ba. Ban ga abin da jihar Kano ta ƙaru da shi ba a wannan ɗauri. Da ya fito ma kasuwarsa ba ta ragu ba. Ya ci gaba da fim har ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya rasu a Disambar 2014 yana gab da cika shekara 43. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa.

Ba zan ɗora wa hukuma laifi ni in wanke kaina ba. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan finafinan Hausa, amma ni da ire-irena a fannin harshe mun daɗe muna ɗaga hanci. Ina sabon malami wani ɗalibi ya kawo mini batun nazarin salon maganar Ibro a matsayin kundin kammala digirinsa, na kore shi da cewa ya je ya nemo abin kirki, camama ba ilimi ba ce. Ya koma ya rubuta a kan karin magana, kamar ɗaruruwan da suka gabace shi. A lokacin Ibro yana raye, yana Wudil, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Kano. Da an je da rakoda an zauna da shi, da yanzu muna da abin da ba za a sake samu ba.

Da damina ta wuce na je gida, na nemi mutumin da yake da gidan kallon nan na ƙuruciyarmu. Yanzu injin casar shinkafa yake da shi a bakin titin Zariya. Ya ce buhu biyu na kaset ya ajiye a soro, ruwa da gara suka cinye, yara suka warware ragowar suka ɗaura a gona don korar tsuntsaye. Abin da ke intanet kuwa guntaye ne, an yanke kai da gindi, babu shekara babu sunan wanda ya shirya. Daga ƙarshe ya lalubo mini guda bakwai a ƙarƙashin gado. Na kai wa wani mai gyara a Kano. Uku ne suka yi magana.