Tarihin Annabi Zakariyya (A.S.), Mai Hidimar Ɗakin Allah

Ya ƴan'uwa Musulmi na Takanamat da Tawa da sauran garuruwan Adar, wannan karo za mu waiwayi wani bawan Allah da ya tsufa yana hidimar ɗakin ibada, alhali babbar bukatarsa ba ta biya ba.

Annabi Zakariyya yana daga Annabawan ƙarshe na Bani Isra'ila. Ya rayu a ƙasar Ƙudus zamanin sarki Hirudus, wanda Rumawa suka naɗa. Hadisi ya inganta cikin Sahihu Muslim cewa kafinta ne. Da guminsa yake ci, bai jingina da sadakar masu ziyara ba.

Kiristoci ma suna girmama shi, kuma Linjilar Luka da ke hannunsu ta faɗi yadda hidimarsa take. Masu kula da Haikali, waɗanda suke kira firistoci, zuriyar Annabi Haruna ne, an kasa su ƙungiya 24, kowace tana karɓar aiki mako guda, bi da bi. Shi yana ƙungiyar Abiya. Safe da yamma akan ƙona turare cikin wuri mai tsarki, jama'a na waje suna addu'a, kuma ƙuri'a ke fitar da mai shiga. Saboda yawansu, galibi sau ɗaya mutum ke samun wannan rabo a duk rayuwarsa.

Alƙur'ani kuwa ya ba mu labarin wata ƙuri'ar. Yayin da matar Imrana ta cika bakance, ta miƙa ƴarta Maryamu ga hidimar ɗakin Allah, manya suka yi jayayya kan riƙonta har suka jefa alƙalumansu, riƙo ya faɗa wa Zakariyya. Duk sa'ad da ya shiga wurin ibadarta sai ya tarar da abinci, ya tambaya, ta sanar da shi daga Allah ne. Malaman tafsiri sun ce ƴaƴan itace ne da ba lokacinsu ba. Nan zuciyar dattijo ta motsa: Wanda ke ba da ɗan itace ba a kan kari ba, ba zai gaza ba da ɗa bayan tsufa ba.

Ƙashinsa ya yi rauni, furfura ta game kai, matarsa ba ta taɓa haihuwa ba. Duk da haka ba mu ji inda ya ɗora mata laifi ba, abin da ya kamata mazajenmu su lura da shi, domin mun san yadda ake gasa wa matar da ba ta haihu ba a gidajenmu. Ya roƙi Ubangijinsa a asirce. Ba magajin dukiya yake nema ba. Tsoronsa kada dangin da zai bari su tozartar da addini.

Amsa ta same shi a bakin aiki. Yana tsaye yana salla mala'iku suka yi masa bushara da Yahaya, sunan da ba a taɓa raɗa wa kowa ba. Luka ya ce ranar ce ƙuri'ar turare ta faɗa masa, kuma ya bebance saboda shakka har ranar suna, inda ya rubuta sunan yaron a allo. Mu abin da muka riƙe shi ne na Suratu Ali Imrana da Suratu Maryam: shi da kansa ya nemi alama, aka ba shi kwana 3 ba ya iya magana da mutane sai da ishara, lafiyarsa lau, harshensa na ambaton Allah.

Rumawa sun rushe Haikalin a shekara ta 70 Miladiyya, hidimar turare ta yanke. Labarin mai hidimar bai yanke ba. Wajen shekara ta 615, da Sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karanta farkon Suratu Maryam, wadda ta buɗe da addu'ar Zakariyya, a gaban Najjashi da malaman Kirista na fadarsa. Sarki ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, ya kuma ƙi miƙa Musulmi ga manzannin Ƙuraishawa.