Farfesa Abdu Mumuni Joffo, malamin da ya horar da malamai

Da yawa daga cikinmu da ke kasuwannin Konni, Ɗan Isa, Magarya ko Gaya muna da ɗa ko ƙane da ke karatu a jami'ar Yamai, kuma daga aljihunmu kuɗin guzurinsa ke fita. Sunan da ke rubuce a ƙofar wannan jami'a shi ne Abdu Mumuni. Wasu sun ɗauka tsohon shugaban ƙasa ne ko wani babban soja. A'a, malamin makaranta ne, kuma yawancin rayuwarsa ta ƙare ne wajen shirya waɗanda za su koyar da wasu.

An haifi Abdu Mumuni Joffo a garin Tasawa ran 26 ga watan Yuni 1929, lokacin mulkin Faransawa. Ya yi lakol a Damagaram da Yamai, sannan a 1944 aka tura shi makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda su Bubu Hama da Jori Hamani da Jibo Bakari suka yi karatu. Makarantar tana da suna ƙwarai, amma Turawa sun yi mata iyaka. Tana fitar da malaman firamare da akawuna da mataimakan likita, nan ne magana ta tsaya. Koyarwa a lise, balle jami'a, aikin Bature ne. Abdu Mumuni bai tsaya nan ba. Ya wuce lise ta Dakar, daga can ya tafi Paris ya karanta fizik, wato ilmin da ke binciken haske da zafi da lantarki. Ya samu digirinsa na farko a 1953. A can ma yana cikin waɗanda suka kafa FEANF, ƙungiyar ɗaliban baƙar fatar Afirka da ke Faransa.

A 1956 ya ci wata jarrabawa da Faransawa ke kira agiregasiyo, kuma shi ne ɗan Afirka rainon Faransa na farko da ya ci ta a fannin fizik. Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan jarrabawa, don ita ce ta buɗe masa hanya. Ba ɗalibai masu neman digiri ke yin ta ba, sai waɗanda suka riga suka gama. Gasa ce, gwamnati ke faɗin adadin waɗanda za a ɗauka kowace shekara, sauran ko sun yi ƙoƙari sai su jira baɗi. Bayan jarrabawar rubutu, wanda ya tsallake zai zo gaban alƙalai. A ba shi darasi ta hanyar ƙuri'a, a ba shi ƴan awoyi ya shirya, sannan ya tashi gaban allo ya koyar, ya haɗa na'urori ya yi gwaji kowa na gani, su kuma su yi ta jefo masa tambayoyi. Mu ƴan kasuwa mun san wannan. Yaron shago yana iya haddace farashin kowane kaya, amma maigida ba ya miƙa masa mabuɗi sai ya zauna gefe ya ga yadda yake ciniki da mutane. To haka nan mai digiri, sanin abu daban, iya sa wani ya gane shi daban.

Da wannan takarda a hannu yana iya zamansa a Faransa da albashi mai kauri. Ya komo Dakar ya fara koyarwa. A watan Satumba 1958 ƙasar Gine ta Seku Ture ta ce a'a ga tayin Janar de Gaulle, Faransa ta yi fushi ta janye ma'aikatanta, makarantu suka rasa malamai. Abdu Mumuni na cikin ƴan Afirkan da suka tattara kayansu suka nufi Konakiri don cike gurbin, tare da Joseph Ki-Zerbo na Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, wanda shi ma a 1956 ya ci irin wannan jarrabawa a fannin tarihi. Bayan Gine ya koyar a Yamai na ɗan lokaci, sannan ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙaro ilmi kan makamashin rana.

A 1964 aka buga littafinsa na Faransanci kan ilmi a Afirka, a maɗaba'ar Maspero ta Paris, aka kuma fassara shi da Ingilishi a 1968. A ciki ya bayyana yadda tarbiyyar gargajiya ke haɗa yaro da aiki da jama'arsa, ya nuna cewa lakol ta Turawa an gina ta ne don samar wa masu mulki ƴan aike, ya kuma tsaya a kan cewa yaro ya fara karatu da harshen da ya tashi da shi. A ganinmu wannan magana har yau ba ta tsufa ba. Sai dai sauya makaranta ba ya yiwuwa in babu malamai ƴan ƙasa, shi ya sa a wannan shekarar ta 1964 ya karɓi aiki a babbar makarantar horar da malamai ta Bamako, wadda gwamnatin Modibo Keita ta buɗe don samar da malaman lise ƴan Mali. Shekara biyar ya yi can yana koyar da masu shirin koyarwa. Ya kafa ɗakin binciken makamashin rana, ya kuma kammala babban digirinsa na dakta a Paris a 1967.

A 1969 ya komo gida aka ba shi shugabancin ONERSOL, ma'aikatar makamashin rana ta Nijar, ya riƙe ta har 1985. Can aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na dafa abinci da na tace ruwa masu aiki da zafin rana. A lokacin ba kowa ya ga amfanin abin ba. Amma da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar bayan juyin mulkin 2023, duk wanda ke da farantin sola a kan shagonsa ya san abin da mutumin nan ya hango.

Jami'ar Yamai ta samo asali ne daga cibiyar ilmi mai zurfi da aka buɗe a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, kuma a farkonta ta dogara ƙwarai ga malamai ƴan ƙasashen waje. Malamin aro kuwa ranar da yarjejeniyarsa ta ƙare sai ya ɗaure kaya. Tun a 1968, a nan Yamai, shugabannin ƙasashe rainon Faransa suka kafa hukumar CAMES mai hedkwata a Wagadugu, wadda ke auna aikin malaman jami'a kafin a ɗaga su zuwa matsayi na gaba, don Afirka ta riƙa tantance nata malaman da kanta. Cikin wannan yanayi Abdu Mumuni ya shiga koyar da fizik a sashen kimiyya na jami'ar, kuma daga 1979 zuwa 1982, zamanin mulkin Seyni Kunce, shi ne shugabanta. Da ya sauka daga kujerar ya ci gaba da shiga aji da alli a hannu.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. Allah ya jiƙansa.