Sarki Alu Mai Sango da Basasar Kano: ina manyan fada suke lokacin da gari ya kama wuta?

Duk wanda ya bi rikicin masarautar Kano a Facebook da TikTok tun 2024 ya ga yadda 'yan'uwa ke zagin juna a kan kujerar sarki. To, wannan ba shi ne karo na farko ba. Sama da shekara 130 da suka wuce jikokin Sarki Ibrahim Dabo sun yi irin wannan rigimar, sai dai su da takobi suka yi. Wanda ya fito da nasara shi ne Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Mai Sango.

Alu ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne. Mahaifiyarsa Saudatu kuwa 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, ka ga ke nan jinin Sakkwato ne ta wajen uwa. Bayan rasuwar Abdullahi a 1882, ƙaninsa Muhammadu Bello ya hau, ya kuma riƙa tuɓe 'ya'yan yayansa daga sarautu yana ɗaga nasa. Daga nan wutar ta fara ci a ƙarƙashin ƙasa.

Da Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya ce ɗan Bello, Galadima Tukur, za a naɗa, saboda jarumtar da ya nuna a yaƙin Argungu. Kano tana da manyanta, irin su Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, amma magana ta ƙarshe a Sakkwato take. Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano a lokacin, ya kuma san hankalin jama'a ya fi karkata ga Yusufu, yayan Alu. Ya hango fitina, amma umarni umarni ne, ya naɗa Tukur.

Yusufu da 'yan'uwansa suka fice zuwa Takai. Nan fa masu sarauta suka rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa, kowa ya bi inda ya ga tsira. Majalisar da ya kamata ta shiga tsakani ita kanta ta zama ɓangare. Haka ta faru a Rum a shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da majalisar dattawa ta goyi bayan Pompey a kan Julius Caesar, da yawa cikinsu suka tsere daga birnin da Caesar ya doso.

Mu na gabas ba labari muka ji ba, a ƙasarmu aka gwabza. Yusufawa sun ci Gaya da Dutse kafin su fuskanci birni. Mai gona a Toranke ko Ajingi ba a tambaye shi wa yake so ba, amma garuruwa irin nasa ne suka ciyar da mayaƙa, su ne kuma suka yi asarar mutane.

Yusufu ya rasu a Garko a 1894, jagoranci ya koma hannun Alu. Zaɓen nan akwai lissafi a ciki, domin zai yi wa Sakkwato wuya ta ƙi jikanta har abada. A shekarar Alu ya shiga Kano, Tukur ya fita, aka cim masa a Tafashiya a 1895, ya rasa ransa. Daga baya Sakkwato ta amince da abin da takobi ya riga ya yanke.

Alu ya ba ɗan'uwansa Ahmadu sarautar Waziri, ya saka wa waɗanda suka yi masa yaƙi da muƙamai, ya kuma sha fama da hare-haren Damagaram. A watan Fabrairun 1903 Turawa suka ci Kano yana can wajen Sakkwato. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, aka kama Alu aka kai shi Yola, sannan Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Ɗan'uwansa Abbas aka naɗa a gurbinsa.

Shekara tara kacal tsakanin shigarsa Kano da rasa ta. Kafin ka zagi wani a kan sarauta yau, tuna cewa gidan Dabo har yanzu shi ke mulki, amma talakawan da suka mutu a Gaya ko sunayensu ba mu riƙe ba.