Rudolf Diesel: Mutumin da injinsa ke ɗaukar mana kaya

Manyan motocin da ke kwasar buhunan gero daga Madarunfa zuwa Maraɗi, da injinan niƙa masu shan gas da mata ke yi wa layi, duk basirar mutum ɗaya muke ci: Rudolf Diesel, Bajamushen da aka haifa a Paris a 1858.

A 1897 ya kammala injinsa a garin Augsburg. Injin ba ruwansa da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sai a feso mai ya kama da kansa. Shi ya sa ga ƙarfi, ga tattalin mai. A baje kolin Paris na 1900 an tada irinsa da man gyaɗa, kuma a 1912 irinsa ya tura jirgin ruwan Selandia daga Turai har Asiya.

Diesel ya samu maƙudan kuɗi, amma ya zuba su a cinikin filaye da ya karye, bashi ya yi masa katutu. A Satumbar 1913 ya ɓace daga jirgin ruwa a hanyar Ingila. Ashe iya sana'a daban, iya riƙon jari daban.