Bishru Alhafi, Waliyyin da ya Tsare Cikinsa

Shehu Bishru ɗan Harisu, Allah Ya yarda da shi, mutumin Marwa ne, amma a Bagadaza ya zauna har ya rasu a shekara ta 227 bayan Hijira. Ana ce masa Alhafi domin ba ya sa takalmi. Da ƙuruciya ya yi shagala, daga baya ya tuba, ya karanci hadisi, ya riƙi zuhudu.

Babban yaƙinsa da zuciya a kan loma ne. An ruwaito ya shekara 40 yana marmarin gasasshen nama bai ci ba, saboda bai samu dirhamin da ya natsu da halaccinsa ba. Ko ruwan magudanun da masu mulki suka haƙa ba ya sha.

Wannan tsantseni ya sa cuɗanya da jama'a ta yi wuya. Imamu Ƙushairi ya kawo cewa an gayyace shi walima, sau uku yana ƙoƙarin miƙa hannu ga abincin, hannun ya ƙi. Wani da ya san halinsa ya gane akwai shubuha, har ya tausaya wa mai gida.

Ƴan'uwa, zikiri ba ya haskaka zuciyar da aka ciyar da haram. Allah Ya ba mu albarkacinsa, amin.