George Hale da Madubin Kallon Taurari

Kun san cewa ƙarfe yakan ɗan buɗe idan ya ji zafi, ya kuma tsuke idan ya ji sanyi. Gilashi ma haka yake, sai dai ido ba ya gani. Wannan ɗan canji shi ne ya daɗe yana damun George Hale, masanin taurari na ƙasar Amurka.

An haifi Hale a birnin Shikago a shekarar 1868. Tun yana yaro yake sha'awar kallon rana da taurari. Da ya girma, sai ya duƙufa wajen gina manyan na'urorin hangen nesa. Irin wannan na'ura da madubi take tara hasken taurari. Idan madubin ya fi faɗi, hasken da zai tara ya fi yawa.

A shekarar 1917 aka fara aiki da na'urarsa mai madubin inci 100 a jihar Kalifoniya. To, amma gilashin na yau da kullum ne. Idan dare ya yi sanyi, sai gefensa ya riga tsakiyarsa hucewa. Nan take madubin yakan ɗan lanƙwashe, hoton taurari ya dushe.

A shekarar 1928 Hale ya sami tallafin dala miliyan 6 domin yin madubin inci 200. Da farko an gwada narka wani farin dutse mai suna kwaz, amma aikin ya faskara. Daga nan aka koma ga Pyrex, gilashin da zafi ba ya buɗa shi sosai. Kamfanin Corning ya zuba shi a shekarar 1934, aka bar shi ya huce a hankali har kusan wata goma. An yi wa bayansa ramuka kamar saƙar zuma, don ya rage nauyi, ya kuma riƙa hucewa bai ɗaya.

Hale ya rasu a shekarar 1938, bai ga ƙarshen aikin ba. An buɗe na'urar a kan dutsen Palomar a shekarar 1948, aka sa mata sunansa.

Ku lura, har yau masana suna fama da wannan matsala. Na'urar James Webb, wadda aka harba sararin samaniya a shekarar 2021, tana aiki cikin sanyin kusan digiri 220 ƙasa da sifili. Shi ya sa aka yi madubinta da beriliyom, ƙarfe marar nauyi wanda siffarsa ba ta sauyawa cikin irin wannan sanyi.

Tambayoyi
1. Me yake faruwa da madubi idan gefensa ya riga tsakiyarsa hucewa?
2. Don me aka zaɓi Pyrex?
3. Mene ne amfanin ramukan bayan madubin?