Bawa Jangwarzo, Sarkin Gobir

Kai mai karatu, in kai mutumen Dakoro ne, ka san Birnin Lalle. Watakila ma ka taɓa ratsa shi bisa jaki ko amalanke. To, wannan wuri da kake gani, can da daɗewa nan sarakunan Gobir sunka zauna, bayan da sunka baro Azbin. Daga nan sunka yi ta gusawa kudu, suna neman ƙasa mai ruwa.

Ƙasar da sunka iske ta Zamfarawa ce. Sarkin Zamfara ya amshe su hannu biyu, ya ba su wurin noma bakin Gulbin Rima. Baƙi sunka yi yawa, sunka yi ƙarfi. A zamanin Sarki Babari sai sunka juya ma masu masaukinsu, sunka ci Birnin Zamfara, sunka gina nasu birni, Alƙalawa. Bawa ɗan wannan Babari ne. Cikin yaƙi ya buɗe ido, cikin yaƙi ya girma.

Ɗan'uwansa Ɗan Gudi ya riga shi sarauta. Da Bawa ya hau, Gobir ta kai inda ba ta taɓa kaiwa ba. Dawakinsa sun taka gabas da yamma. Don jaruntakarsa anka laƙaba mishi Jangwarzo, kuma har yau in maroƙi zai wasa Bagobiri, da sunansa yake farawa. Amma yaƙi ba ya tafiya sai da doki, da sulke, da hatsi. Wa ke biya? Manomi da makiyayi. Haraji da jangali sunka yi ma talakawa nauyi, Zamfarawa kuma ba su mance abin da anka yi musu ba.

Lokacin nan akwai wani malami a Degel, cikin ƙasar Gobir, Shehu Usumanu ɗan Fodiyo. Yana yawon wa'azi, jama'a na binsa. Wajen shekara ta 1788, ran Babbar Salla, Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami, ya raba musu kyauta. Ya ba Shehu zinariya miskali 500. Shehu ya ƙi amsa. Abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa binsa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta ma talakawa haraji. Bawa ya yarda da su duka.

Tsaya nan ka duba. Sarkin da kowa ke tsoro, ga shi ya tsufa, malami marar doki ko takobi ya ƙi dukiyarsa gaban mutane, bai ko husata ba. Waɗansu na cewa tsoron Allah ne. Waɗansu na cewa dabara ce, don yana da babban abokin gaba, bai son ƙara wani cikin gida. Ni dai ina ganin duka biyun.

Abokin gaban nan Katsina ce. Bai daɗe ba bayan Magami anka gamu a Ɗankaishi, Katsinawa sunka yi rinjaye, anka kashe ɗan Bawa. Masu tarihi na cewa baƙin cikin nan ne ya yi ajalinsa.

Yakuba ya gaje shi, shi ma ya mutu wajen yaƙi. Nafata ya soke iznin da anka ba malamai. Yunfa ya ja daga da Shehu, anka kore shi a Tabkin Kwatto cikin 1804. Cikin 1808 Alƙalawa ta faɗi, anka kashe Yunfa. Birnin ya zama kufai, yana can jihar Sakkwato ta Najeriya.

Gobirawan da sunka ƙi mubaya'a sun sha wuya, har anka kashe sarkinsu Ali a Gawakuke cikin 1836. Bayan wannan Mayaƙi ya kafa Tibiri, dab da Maraɗi, inda Katsinawa su ma sunka yo gudun hijira. Jikokin waɗanda sunka gwabza a Ɗankaishi sunka zama maƙwabta, suna fita yaƙi tare. In ka shiga mota daga Dakoro ta Kornaka za ka Maraɗi, ka ce ma direba ya nuna maka Tibiri.